Allon Awo a Bakin Dam ɗin Kangimi

Shekarar da na fara aikin ƙididdigar kifi a dam ɗin Kangimi, cikin ƙaramar hukumar Igabi, sikeli da littafi kaɗai nake zuwa da su. Da asuba nake barin Kaduna, in isa gaɓa kafin rana ta ɗaga, in tsaya inda kwalekwale ke sauka. Duk wanda ya iso in auna abin da ya kamo, in rubuta kilo. Ƙarshen wata in tara. A takarda kifi bai ragu ba, masunta kuwa kullum kukansu ɗaya ne, ruwa ya mutu. Na ɗauka ƙorafi ne irin na mai sana'a.

Wata safiya Sarkin Ruwa, dattijo mai ƙarancin magana, ya tsaya yana kallona ina rataya daro a sikeli. Sai ya ce, "Ɗana, kullum kilo kake tambaya. Ba ka taɓa tambayata kalli nawa na zuba ba." Na ce, "Baba, nawa ne?" Ya ce lokacin ƙuruciyarsa ɗauri ɗaya na kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya maƙale a idonta, ke cika wannan daron, yanzu sai ya haɗa da na ƙannensa, ya bar su su kwana a ruwa, idon kuma ya fi na da ƙanƙanta. Daron dai shi ne, wahalar cika shi ce ta ninka.

A makaranta an koya mana wannan, amma a bakin ruwa ya zauna mini. Yawan abin da aka kamo shi kaɗai ba ya gaya maka abin da ya rage a ruwa. Idan kifi ya fara ƙaranci, masunci ba ya naɗe hannu, yana ƙara yawan koma, yana ƙara awanni, yana rage ido. Sai jimillar kamu ta tsaya cik na tsawon shekaru alhali ana cin uwar kuɗi. Ma'aunin da ke faɗin gaskiya shi ne kamu gwargwadon wahala: kilo nawa kalli mai tsawo kaza ya bayar a dare ɗaya, kilo nawa mamari mai ƙugiya ɗari ya bayar, me gura ɗaya, wato tarkon kifi, ta tara. Ba a haɗa birgi, wato ragar da ake jefawa, da kalli a lissafi guda, kowane kayan kamun kifi da shafinsa.

Na sake littafin gaba ɗaya. Da farko muka zaga sansanonin masunta muka ƙirga kwalekwale, mutane, da irin kayan da kowa ke aiki da su. Wannan ƙirga ita ce tushe, domin ba mai iya auna kowane jirgi kowace rana. Ana zaɓar wasu kwanaki da wasu jirage, a auna su da kyau, sannan a ninka da yawan jiragen da suka fita. A tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968, haka aka riƙa yi a shekarun 1990 ƙarƙashin wani aikin haɗin gwiwa da Jamusawa, kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa ta daɗe tana wannan aiki. Daga rubuce-rubucensu na ɗauko tsarin, na rage shi daidai da ƙaramin dam.

A nan na ci karo da abin da ya fi lissafi wuya. Ranar ƙirga wasu jiragen suka ɓace cikin ciyawa. Mutane sun ɗauka haraji ake shirin ɗora musu, kuma ban ga laifinsu ba, don ba su saba ganin mai littafi ya zo da alheri ba. Bayan haka na gano cewa kifin da ke isowa sikelina ba shi ne duka kamun ba. Akwai na miya da ake warewa tun cikin jirgi, akwai na kyauta, akwai manyan da dillalai ke tarewa kafin a iso gaɓa, waɗanda washegari za ka gan su a kasuwa cikin gari. Wato mafi girman kifin shi ne ba ya shiga littafina. Sai na daina zuwa kamar baƙo. Na zauna da Sarkin Ruwa, muka zaɓi samari biyu 'ya'yan masunta masu iya rubutu, su suke cike takardar. Ƙarshen kowane wata nakan dawo in karanta wa jama'a sakamakon da Hausa, a gabansu, kafin ya tafi ko'ina.

Abin da ya fi kawo sauyi allo ne. Kafinta ya yanka mini katako, ya kafa ɗan tokare a gefe ɗaya, muka manna rula a tsakiya. A kwantar da karfasa, bakinta ya taɓa tokaren, a karanta inda wutsiya ta tsaya, a rubuta santimita. Daga kowane daro da aka zaɓa a ɗebi kifi ba tare da zaɓe ba, don hannu yana son kaiwa ga babba. Bayan watanni, idan ka jera tsawon a takarda, za ka ga surar abin da ke cikin ruwa. Kilo goma na manyan karfasa da kilo goma na 'yan ƙanana a sikeli ɗaya suke, a allo kuwa labarinsu ya bambanta ƙwarai.

Tsawo ba ya da amfani sai ka san girman da kifi ke fara ƙwai. A nan matan da ke banda suka zame mini malamai. Su ke feɗe kifi kullum, sun san wace tarwaɗa ce ke da ƙwai tun kafin wuƙa ta shiga. Nakan zauna kusa da wata dattijuwa, ta feɗe, ta ce, "Duba nan, ɗana," ta buɗe cikin da babban yatsa, in ga jakar ƙwai ko in ga babu, in rubuta tsawon. Da haka ake gano tsawon da rabin kifayen suka balaga. Wata rana ta buɗe bakin wata karfasa da ba ta kai tafin hannuna ba, sai ga ƙwai rawaya cike da bakin, domin uwar irin wannan karfasa a baki take renon ƙwanta. Ta ce da can ba ta ganin mai wannan ƙanƙanta da ƙwai. An san karfasa da haka, idan aka matsa mata tana balaga da wuri tana ƙarama. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa cin abincin rana.

Dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, kusan inci uku, ta kuma hana guba da nakiya. Masunci ba ya magana da milimita, da yatsa yake auna ido, don haka na koma rubuta yatsa biyu, yatsa uku, in juya daga baya. Har gidan sauro na gani an mayar da shi abin kamun kifi a gefen ciyawa, inda 'ya'yan kifi ke fakewa.

Sai batun lokaci. Da hunturu ruwa yana sanyi, kamu yana raguwa. Da damina tarwaɗa tana bin ruwa cikin fadama don yin ƙwai. Wanda ya kwatanta Janairu da Agusta zai yanke hukuncin banza. Agustan bana da Agustan bara ake gwadawa, shi ya sa aikin da aka yi wata shida aka watsar nake ganin asarar kuɗi ne kawai. Akwai manhajar FiSAT ta hukumar abinci ta duniya, FAO, wadda ke ɗaukar bayanan tsawo ta ƙiyasta saurin girma da yawan mutuwar kifi. Na yi amfani da ita, tana da kyau, amma abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

Yanzu samarin nan suna ɗaukar hoton kifi a kan allo su turo mini ta WhatsApp, in duba ko an rubuta suna daidai, don sukan haɗa kurungu iri daban-daban a layi ɗaya. A zaman ƙarshen damina na shimfiɗa takardar tsawon karfasa a kan tabarma, na ja layi inda suke fara ƙwai. Yawancin kamun yana ƙasa da layin. Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallo, sannan ya sa a kawo masa allon, ya yi masa tsaga da wuƙa daidai wurin, ya ce a rataye shi a bishiyar da jirage ke sauka.