Minti biyu da na yi da ɗan jarida a bakin ɗakin tiyata

Shekara 11 ke nan ina aikin likita a Kaduna, amma ban taɓa jin tsoron ƙarar wayata ba sai a makon da wata jaridar intanet ta buga cewa na ƙi duba wanda aka harba har ya rasu, wai don danginsa ba su zo da takardar 'yan sanda ba. Har yau idan na tuna, kaina nake fara jin haushi kafin ɗan jaridar, domin ni na buɗe baki na ba shi abin da ya riƙe.

An kawo mutumin wajen ƙarfe 2 na dare, lokacin ina ɗakin tiyata a kan wata mara lafiya da ba yadda za a yi in bar ta, kuma ni kaɗai ne likitan da ke aikin kwana a ɓangarenmu. Ma'aikatan jinya suka karɓe shi nan take, suka sa masa ƙarin ruwa, suka aika neman jini. Na iso kansa bayan kusan minti 40, muka yi iya ƙoƙarinmu, Allah Ya karɓi abinSa kafin asuba.

Da hantsi, na shafe sa'o'i fiye da 26 ban runtsa ba, sai wani matashi ya tare ni a baranda da waya a hannu, ya ce, "Likita, sannu da aiki. Gaskiya ne ba ka ga marigayin da wuri ba?" Na ɗauka ɗan uwan mamacin ne, shi ya sa na tsaya. Na ce masa gaskiya ne, sai bayan kusan minti 40 na iso kansa, ina kan wata tiyatar, amma abokan aikina suna kansa tun shigowarsa. Ya tambayi batun 'yan sanda, na ce doka ce ta wajabta mana sanar da su. Ban tambaye shi sunansa ba, ban tambayi inda yake aiki ba, kuma ban lura wayar tana ɗaukar murya ba.

Abin da na faɗa daidai ne. Dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba ta ce a karɓe su a fara magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, sannan asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin sa'o'i 2 da fara maganin. To amma jama'a sun daɗe da labarin asibitocin da ke mayar da mutane saboda wannan takarda, don haka da aka yanke "ina kan wata tiyatar" aka bar "minti 40" da "'yan sanda", babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Kafin Magariba mahaifiyata ta kira ni daga Tudun Wada, a gidan suna ta ji, muryarta na rawa tana cewa, "Ɗan nan, me ka yi wa mutane?"

A nan na gane yadda hannun likita yake a ɗaure. Fayil ɗin yana gabana da lokacin da aka yi kowane abu, amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ƙa'idojin MDCN, majalisar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, sun hana ni fito da sirrin mara lafiya, ko da ya rasu, ko da sunana ake ɓatawa. Na zauna ina karanta zagi a Facebook dare uku a jere, wanda shi ma wauta ce, amma bai kai ta tsayawa a barandar nan ba.

Barci ya ƙaurace mini, jinina ya hau, har ranar da na ga hannuna yana karkarwa wajen neman jijiyar wani yaro. Wata babbar likita da ta koyar da ni ta ja ni ofishinta ta ce, "Kai da kake ba mutane takardar hutu, yaushe rabonka da hutu?" Ita ta tilasta mini ganin likitan ƙwaƙwalwa a Barnawa, na je ina ɓoye fuska kamar mai laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin wannan gajiyar aiki a kundinta na rarraba cututtuka a 2019, amma mu har yanzu ragwanci muke kiranta a tsakaninmu.

Kwamitin asibiti ya wanke ni, reshen ƙungiyar likitoci ya taya ni rubuta wa editan takarda ta hannun lauya, tare da sanar da shi cewa za mu kai ƙara Majalisar Kula da 'Yan Jarida ta Najeriya. Abin da zan gaya wa ƙannena a wannan aiki shi ne, wanda ya kwana aiki kada ya amsa tambayar baƙo a tsaye. Ya tambayi ko wane ne, ya tura shi sashen hulɗa da jama'a, in kuwa dole ne ya yi magana, ya nemi tambayar a rubuce, ya amsa a rubuce bayan ya yi barci. Da na san haka, da sallama kawai za mu yi da yaron nan.

Gyaran ya fito bayan kwana 12, layi uku a ƙasan shafi, babu ban haƙuri. Tsohon labarin yana nan, kuma shi ne ke fara fitowa idan aka nemi sunana a Google.