Gidan da ba a ɗora tukunya ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwanon gero ya fi ƙarfin magidanta da yawa a unguwarmu a Kano. Muka fara karo-karo a masallaci don taimaka musu da abinci, ni aka ɗora wa riƙon littafi da zuwa awo kasuwar Dawanau.

Rabo a ƙofar masallaci bai yi mana ba. Masu ƙarfi da masu baki ne ke cika layi, wasu ma daga wata unguwa. Dattijon da ya saba ciyar da gidansa ba zai tsaya yara na kallonsa da buhu a hannu ba, gara ya kwana da ruwa. Da labarin turmutsitsin Disambar 2024 ya zo, inda mutane suka rasu wurin karɓar abinci a Ibadan da Abuja da Okija, liman ya ce an daina tara jama'a.

To wa ya san gidan da ba a ɗora tukunya? Mai niƙa. Da na tambaye ta sai ta ce, "Malam, gidan da yarinyarsu ta kwana uku ba ta kawo niƙa ba, ai ba tafiya suka yi ba." Unguwarzoma kuma ita ta san mai jegon da ko kunun kanwa ba ta samu. Sunayen da suka ba mu, rabinsu ba mu taɓa ganinsu a layi ba.

Yanzu bayan isha'i mata biyu ke shiga da kayan kamar masu zumunci. Ba a ɗaukar hoto. Wani ya ce sai an saka gudummawarsa a Facebook, muka mayar masa da kuɗinsa.

Tsabar hatsi kaɗai ba ta isa. Kowane ƙulli muna haɗa gero da wake, manja, kuka, daddawa, da kuɗin niƙa da na gawayi.

Da azumi kowa mai kyauta ne, amma yunwa ta fi cizo daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Shi ya sa muke saye da kaka, mu zuba waken a buhun nan mai ninki uku don kada ƙwari su cinye, mu kulle a ɗakin ajiyar masallaci. Makulli ɗaya na hannuna, ɗaya na hannun ladan.