Linsley da lissafin ambato

Jiya da daddare wani abokina malamin jami'a ya turo min hoton shafinsa na Google Scholar a WhatsApp, wai in taya shi murna ma'aunin h ɗinsa ya ƙaru da ɗaya. Na taya shi mana, ai abin murna ne, tunda yanzu duk maganar ƙarin girma a jami'o'inmu ta koma takardu nawa ka buga, mutum nawa suka ambace ka a nasu takardun. Ga wanda bai san abin ba, wani masanin fiziks ne Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005, in aka ce h ɗinka 20 to kana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20, shi ke nan.

Amma ni duk sanda aka taso da wannan zancen John Linsley ne ke faɗo min a rai.

Linsley Ba'amurke ne, an haife shi a 1925 ya rasu a 2002, kuma aikinsa shi ne farautar burbushin nan da ke faɗo mana daga sararin samaniya, wanda masu fannin ke kira kosmik. Ƙwayar zarra ce guda take tahowa a guje ta daki iskar sama, sai ta tarwatse ta haifi biliyoyin ƙananan burbushi su zubo ƙasa kamar yayyafi, to yayyafin ake kamawa a lissafa ƙarfin uwar. Shi da wani ɗan Italiya Livio Scarsi, daga rukunin masanin fiziks Bruno Rossi na jami'ar MIT, suka je wani fili da ake kira Volcano Ranch kusa da Albuquerque a jihar Niyu Meziko suka baza na'urori 19 a ƙarshen shekarun 1950. Daga baya Scarsi ya koma gida, Linsley ya ci gaba kusan shi kaɗai a dajin nan, shi ne mai gyaran waya shi ne mai lissafi.

A Fabrairun 1962 na'urorin suka kama wata ƙwaya mai ƙarfin ilektiron-bolt (ma'aunin ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi) 1 da sifili 20 a bayansa. Wato kusan jul 16, kamar dutse mai kilo 1 ya suɓuce daga tsayin mita ɗaya da rabi ya faɗo maka a ƙafa, amma fa duk a cikin ƙwaya guda da ko madubin likita ba ya ganinta, kai abin akwai ban tsoro wallahi. Irin wannan in ka ware fili mai faɗin murabba'in kilomita 1 sai ka yi shekara 100 kana jira kafin ɗaya ta sauka. Ya buga sakamakon a mujallar Physical Review Letters a 1963, 'yar gajeriyar takarda, sunansa kaɗai a kai.

To ga inda lissafin ambaton ke ba ni dariya. A 1966, bayan an gano ragowar hasken farkon halittar sararin samaniya a 1965, Kenneth Greisen a Amurka da Zatsepin da Kuzmin a Tarayyar Sobiyat suka rubuta cewa ƙwayoyin da suka wuce wani ƙarfi za su riƙa karo da wannan haske suna rage ƙarfi a hanya, don haka ya kamata su yi ƙaranci sosai. Takardunsu shafi kaɗan ne amma an ambace su sau dubbai, ta Linsley kuwa ɗaruruwa. Ba wai ina rage musu daraja ba ne, an ga ƙarancin da suka yi hasashe a 2008, sai dai mutumin da ya sha rana da ƙura ya nuna cewa irin ƙwayoyin ma akwai su, lambarsa ba ta kai tasu ba.

Yanzu kuma abin ya juye gaba ɗaya. Cibiyar Pierre Auger da ke Malargüe a Ajantina, mai kama irin wannan yayyafin, ta mamaye murabba'in kilomita 3,000 da tankunan ruwa sama da 1,600, kuma takarda ɗaya takan fito da sunayen mutum wajen 400, an jera su bisa haruffa, wanda sunansa ya fara da A shi ake ta kira "wane da sauransu" ko da ba shi ya jagoranci aikin ba. Duk ambaton da takardar ta samu kowa a cikinsu zai gan shi a shafinsa cif, ɗalibin da ya shiga bara da dattijon da ya yi shekara 20 yana aikin. In ka ɗora h ɗin irin wannan ɗalibi kusa da na mai aiki shi kaɗai, me ka auna kenan?

Linsley ne ma tun ƙarshen shekarun 1970 ya kawo shawarar a riƙa kallon yayyafin nan daga sama da tauraron ɗan'adam maimakon a ƙasa, har yau ana kan bin wannan hanya. Na tura wa abokin nawa duk wannan dogon bayani, ya karanta, ya turo min alamar dariya ya ce shi dai kwamitin ƙarin girma lamba suke dubawa, in bar shi ya kwana da farin cikinsa.