Ranar da rana ta ƙi faɗuwa

Talata, cikin watan Yuni. Ina rubuta wannan ƙafafuna a kumbure, idona kuma ya ƙi barci.

Ƙarfe tara na safe muka tashi daga Dubai, muka sauka San Faransisko wajen biyu na rana, duk a Talatar nan. Wanda ya duba agogo zai ce awa biyar muka yi. Bayana kuwa ya san awa 16 ya sha a kujera, sauran 11 ɗin bambancin lokaci ne ya haɗiye su.

Ba mu daɗe da tashi ba autana ya zungure ni, yana nuna taswirar da ke allon bayan kujera. "Umma, direban nan ya ɓata hanya. Amurka tana yamma, shi kuma ya miƙe arewa." Na leƙa, ai kuwa ga ɗan jirgin ya ratsa Iran ya nufi Rasha, layin ya lanƙwashe kamar baka. Ni ma sai da gabana ya ɗan faɗi, ban dai nuna masa ba.

Wani dattijo da ke gefenmu ne ya raba gardamar. Ya ɗauki lemon da aka kawo masa, ya ɗiga alama biyu da biro, ɗaya nan, ɗaya can ta baya. Ya miƙa wa yaron wayar abin sauraro ya ce, "Ɗana, haɗa su, ka ja ta yi tsam." Da ya ja, sai wayar ta zame da kanta ta bi ta kan hancin lemon. Yaro ya saki baki.

Ashe biranen biyu kusan baya da baya suke a rabin duniya na arewa, shi ya sa hanya mafi kusa ita ce a haura ta ƙuryar arewa a gangaro ta Kanada. Kimanin kilomita 13,000 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na kewayen duniya mai kilomita 40,000. Da miƙaƙƙen layin da ido ke so a shimfiɗaɗɗiyar taswira za a bi, ta kan Tekun Atilantika, sai an ci kusan 17,000. Shekara da shekaru ina kallon taswirar bango, ban taɓa zargin tana yi mini ƙarya ba.

Can tsakiyar tafiya na ɗaga murfin taga kaɗan. Fari fat, ƙanƙara har iyakar gani, ta tsattsage kamar fasasshen tangaran, babu gida babu bishiya. Allon ya ce sanyin waje ya zarce 50 ƙasa da sifiri. Hasken ya kashe mini ido, ma'aikaciyar jirgin ta roƙe ni in rufe don mutane na barci. Tun tashinmu har sauka duhu bai shigo ba ko sau ɗaya.

Dattijon ya bar wa yaron lemon, amma a jirgi muka baro shi, don jami'an kwastan na Amurka ba sa wasa da ɗanyen kayan marmari. Har yanzu yana fushi da ni a kan haka.