Wasiƙa daga Ingila: ƙwan testa da injin ƙuri'a

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya kasuwa ya haƙuri da zafi. Mu nan Preston sai godiya, yayyafi ne dai kullum ba ya ƙarewa, yau ma da lema na fita aiki na dawo da ita jiƙe.

Abin da ya sa na ɗauko waya nake wannan dogon rubutu, satin da ya wuce ne ƙanwata ta kira ni ranta a ɓace, wai adashinsu na mata goma sha biyu ya kusa watsewa saboda rigimar wa za ta fara ɗauka, an rubuta sunaye a takarda an dunƙule an zuba a kwano amma da sunan ƙanwar uwar adashi ya fito na farko sai aka ce ai an san takardar, an ninke ta daban. Ni ban ga abin da ya faru ba, Allah kaɗai ya san gaskiya, amma tun ranar nake ta tunanin wani inji da na taɓa tsayawa a gabansa a Landan kusan awa guda, saboda shi ma don wannan matsalar aka ƙera shi, matsalar yadda za a fitar da ƙuri'a kowa ya yarda ba hannun kowa a ciki.

Sunansa ERNIE. Sunan mutum ne a nan, kamar a ce Ado ko Bala, amma haruffan farko ne na dogon sunan Turanci da ke nufin na'urar lantarki mai nuna lambobin da ba su bin wani tsari. Labarin ya faro a 1956, lokacin ministan kuɗin Birtaniya Harold Macmillan yana son mutane su riƙa ajiye kuɗi a hannun gwamnati maimakon kashewa, sai ya kawo abin da ake kira Premium Bonds. Ka ba gwamnati fam ɗaya ta ba ka lamba ɗaya, kuɗinka yana nan duk ranar da ka so ka karɓa, ba a ba ka ruwa a kai, ruwan kowa ake tarawa wuri guda a raba shi kyauta ta hanyar ƙuri'a duk wata. An fara sayarwa ranar 1 ga Nuwamba 1956, an yi ƙuri'ar farko ranar 1 ga Yuni 1957 a wani gari na bakin teku da ake kira Lytham St Annes, daga inda nake zaune kamar rabin awa ne a mota. Ministan gidan waya Ernest Marples shi ya danna maɓalli. Babbar kyauta a lokacin fam 1,000 ce.

Bari in faɗi wannan tun yanzu kafin wani ya ce na zo tallan caca, ni ban taɓa sayen wannan takarda ta Premium Bonds ba kuma ba na shirin saye, tushen kyautar ruwa ne kuma malamai da yawa a nan sun ce mu nisance ta, na bi. Ko su Turawan ba duka suka yarda ba, shugabannin coci sun yi ƙorafi tun a lokacin, Harold Wilson na jam'iyyar adawa ma ya kushe ta a matsayin caca mara mutunci. Amma ita ƙuri'a a kan kanta ai ba baƙuwarmu ba ce, Alƙur'ani ya ba mu labarin waɗanda suka jefa alƙalumansu a kan wa zai riƙi Nana Maryam, da ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a jirgi, Manzon Allah (SAW) kuma yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. To injin nake so ku gani, ba kuɗin ba.

Kun san testa ko, sukundireban nan mai ƙwai a ciki da ake zura wa soket a ɗora yatsa a bayansa a ga ko Nepa sun kawo wuta. Wannan ɗan jan hasken mai ruwan lemo, iskar gas ce da ake kira niyon a cikin ƙaramar kwalba. Wallahi ranar da na karanta bayanin da ke jikin ERNIE na gane cewa zuciyar injin gaba ɗaya dangin wannan ƙwan ce, sai da tsigar jikina ta tashi, don ni da testa a aljihu na girma, tun ina yaron shago wajen maigidana mai gyaran rediyo. Idan wuta tana ratsa gas ɗin nan, ido yana ganin haske a tsaye cak, amma a ciki ƙwayoyin lantarki ne bila adadin suke ta karo da ƙwayoyin gas, wani ya wuce wani ya bugu, don haka ƙarfin wutar yana ɗan rawa sama da ƙasa, rawar da ba ta da kiɗa ba ta da tsari. Masu gyara suna ce mata hayaniya. Irin shuuuu ɗin da kake ji idan kana murɗa rediyo a gajeren zango ka faɗa tsakanin tasha da tasha kana neman BBC da asuba, dangin abu ɗaya ne. Mu a shago hayaniyar nan abokiyar gaba ce, duk aikinmu mu kore ta, su kuwa waɗannan mutane suka ce ita muke nema, suka ɗauko ta suka ƙara mata ƙarfi.

Ga yadda take zama lamba, zan kwatanta da abin da muka sani. A ce ana ruwan sama kana ɗaki mai rufin kwano, ka sa wani ya ƙirga ɗigon da ke sauka na ɗan taƙaitaccen lokaci, ya ƙirga ya samu misali 4,387, sai ka ce masa ba ruwana da dubu huɗu da ɗari uku da tamanin, bakwai ɗin ƙarshe kawai nake so. Kowa zai iya cewa ɗigon zai kai dubu huɗu da wani abu, amma wa ya isa ya ce lambar ƙarshe bakwai za ta zama ba shida ba? Haka ERNIE na farko yake yi a zamaninsa. Duk lokacin da rawar wutar ta haura wani mizani sai a ɗauka bugu ɗaya ne, bugun yana tura wani maƙirgi da ke zagayawa daga sifili zuwa tara ya dawo sifili, yana ta juyi da gudu, idan lokaci ya cika a tsayar da shi, inda ya tsaya ita ce lambar. A yi haka ga kowane gurbi na lambar takardar har ta cika, sai injin buga saƙo irin na gidan waya, mai kama da tafireta da ke bugawa da kanta, ya buga ta a takarda.

Wurin da ya fi burge ni shi ne ba su yarda da ƙwai ɗaya ba. Duk wanda ya yi gyara ya san kaya suna tsufa, ƙwai zai iya raunana ya fara karkata, ya riƙa son wata lamba fiye da saura ba tare da kowa ya lura ba. Sai suka riƙa haɗa sakamakon maɓuɓɓuga biyu, wato ƙwai biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, kafin a fitar da lamba guda. Ku gwada da lissafi ku gani, a ce ɗaya ya lalace ƙarƙaf kullum 3 yake bayarwa, ɗayan kuma lafiyarsa ƙalau, idan ka tara su ka ɗauki lambar ƙarshe, mai lafiyar ya ba da 9 ka samu 2, ya ba da 4 ka samu 7, har yanzu kowace lamba daga sifili zuwa tara tana da rabo daidai da 'yar'uwarta. Wato sai duka biyun sun lalace tare kafin ƙuri'a ta gurɓace. Mutanen da suka yi wannan tunani ba jama'a kawai suke tsare wa ba, har kansu da kayan aikinsu ba su ba amana ido rufe ba, kuma ni a wurina nan ne gaskiyar aikin take.

Shi injin bai san sunan kowa ba, bai san wa ya sayi fam ɗaya wa ya sayi ɗari ba, ba a ma iya ba shi umarni irin na kwamfuta, lamba kawai yake amayarwa. Wata lambar ma babu wanda ya saye ta sai a jefar a wuce. A lokacin ma'aikata ne daga baya suke bin rajista da hannu su nemo mai ita. A wancan zamanin a awa guda yana fitar da lambobi kamar 2,000, ƙuri'ar farko kuma kyaututtuka sama da 23,000 ne, kun ga ba aikin shan shayi ba ne. Girmansa ya kai ƙaramar motar kaya, na gan shi da idona a gidan tarihin kimiyya na Landan lokacin da suka baje shi, dogayen akwatunan ƙarfe cike da wayoyi da kwalaben gilas irin na tsohuwar rediyon nan da sai ta yi zafi kafin ta yi magana, ga taransista kuma da a lokacin sabon abu ne. 'Yan makaranta suna ta wucewa da gudu zuwa wajen jiragen sama, ni kuwa na kasa ɗagawa.

Waɗanda suka ƙera shi injiniyoyin gidan waya ne a cibiyar bincikensu ta Dollis Hill a Landan, cikinsu akwai Tommy Flowers da Harry Fensom, Sidney Broadhurst kuma yana jagorantar ayarin. Shi Flowers ɗan magini ne daga gabashin Landan, kuma shi ne lokacin yaƙin duniya na biyu ya ƙera Colossus, na'urar da aka kai Bletchley Park a 1944 don warware saƙonnin sirri na manyan sojojin Jamus, Fensom ma da shi aka yi. Bayan yaƙi aka ce su yi shiru, aka sa shi ya ƙona zanen aikinsa, ladan da gwamnati ta ba shi fam 1,000 ne wanda bai ma rufe abin da ya kashe daga aljihunsa ba. Ku duba fa, daidai da babbar kyautar da ERNIE ya fitar wa wani a 1957. Sai a shekarun 1970 aka fara sanin abin da ya yi, ya rasu a 1998. Abin yana taɓa min zuciya, mutumin da ya yi yaƙi da neman tsari a cikin abin da ya yi kama da hargitsi, ya dawo ya ƙera injin da babu tsari a cikinsa ko kaɗan, kuma mutane suna ta murna da injin ba su san wanda ke tsaye a gefensa ba.

Wani zai ce yanzu ai kowace waya tana iya canko lamba. Eh tana iya, amma yawanci lissafi ne take bi, wanda ya san lissafin da inda aka faro zai iya sanin abin da zai fito, kuma kuskure kaɗan a rubutun manhaja ya isa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Ghana da masu cike bizar lotiri ta Amurka za su tuna 2011, da aka sanar da mutane kusan 22,000 cewa sun ci sannan aka soke, saboda an gano sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda kwamfuta ta zaɓa daga masu rajistar kwana biyun farko suke. Aka sake ƙuri'ar a watan Yuli. Shi ya sa har yau a nan ba su koma lissafi ba, an yi ERNIE na biyu a farkon shekarun 1970, na uku a 1988, na huɗu a 2004 mai amfani da hayaniyar zafi a cikin taransista, na biyar a 2019 mai amfani da ƙwayoyin haske, kuma duk wata wani ofishin gwamnati na masana lissafi, daban da masu injin, yana duba lambobin kafin a biya kowa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, ta haura tamanin, babanta ya saya mata takardar fam ɗaya tana budurwa, har yau tana cikin gwangwanin biskit tare da takardar aurenta, ta fito min da ita gefen duk ya yi ja saboda tsufa. Ba ta taɓa cin ko sisi da ita ba. Na tambaye ta ba ta zargin ana maguɗi, ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba, ta ce ERNIE bai zo kanta ba tukuna, ta mayar da murfin gwangwaninta. Mutanen nan har katin gaisuwa suke aika wa injin ta gidan waya.

To ga roƙona ga yaranmu masu gyaran waya da rediyo da 'yan kwalejin fasaha. Wannan abu ba ya buƙatar motar kaya yanzu, taransista biyu ko uku da ɗan maƙirgi da allo mai nuna lamba ɗaya da batir sun isa, duk ana samunsu a kasuwa. Ku yi maɓuɓɓuga biyu kamar yadda suka yi, kar ku yi ɗaya. Idan kun haɗa kar ku kai wa kowa sai kun danna shi sau dubu kun rubuta abin da ya fito a littafi, ku ga ko kowace lamba ta zo kusa da sau ɗari, in wata ta yi nisa ku buɗe ku nemo dalili. Ni ma na sayo kayan, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zauna a kai, na farko da ya yi aiki na ƙanwata ne, na riga na gaya mata su jinkirta zubin wata mai zuwa kaɗan.

A gaida iyaye da yara, a sa mu a addu'a.

Naku, daga Preston.