Tun Ran Gini: Abin da Na Koya a Matsayin Lauyan Soja

Na shiga aikin soja bayan na gama karatun shari'a an kuma rantsar da ni a matsayin lauya, saboda haka tun ranar farko rantsuwa biyu ce a wuyana: ta biyayya ga na gaba da ni, da ta tsayawa kan doka ko da wanda nake magana da shi ya fi ni yawan taurari a kafaɗa. A lokacin na ɗauka aikina zai ƙare ne a kotun soja, ina gurfanar da masu laifi ko ina kare waɗanda ake tuhuma. Na yi wannan kuwa shekaru da dama, amma abin da ya fi cin lokacina, ya kuma fi sauya tunanina, shi ne zama kusa da kwamanda a daidai lokacin da yake shirin yanke hukuncin da ba a janyewa.

A shekarun farko ba a nemana sai bayan ta ɓaci. Sai an doki wanda aka tsare har ya kasa tashi, ko an rusa gidan da bai kamata a taɓa ba, sannan a aiko mini da fayil a ce in duba yadda za a rubuta rahoton. Wannan ihu ne bayan hari, kuma lauyan da ya yarda aikinsa ya tsaya nan zai wayi gari ya zama mai shafa wa ɓarna fenti. Doka kanta ba haka ta tsara ba. Ƙarin yarjejeniya ta farko da aka yi a 1977 a kan Yarjejeniyoyin Jeniba guda 4 na 1949, masu tsara dokokin yaƙi, ta ce, a sashe na 82, wajibi ne ƙasashe su tanadi masu ba da shawara kan shari'a waɗanda za su kasance a shirye su shawarci kwamandoji, su kuma taimaka wajen tsara abin da za a koyar da sojoji. Shawara kuwa kafin aiki take da amfani. Na ɗauki tsawon lokaci ina roƙon a riƙa kirana ɗakin tsara farmaki tun ana shimfiɗa taswira, kuma ban samu haka ta hanyar kawo sashen doka ba. Na samu ne bayan hafsoshi sun ga ina kwana inda suke kwana, ina sanin sunayen makaman da suke amfani da su da nisan da kowanne ke kaiwa, ba na kuma kai ƙarar kowa a bayan idonsa.

Darasin da ya fi yi mini nauyi na koye shi ne a wani dare da aka sami labarin cewa mayaƙan da muke fafatawa da su sun ɓuya a wani gini da ke jikin gidajen jama'a. Kwamandanmu ya nemi ra'ayina, ni kuma na duba taswirar na ce, "Yallaɓai, ba za a iya kai hari nan ba." Ya dube ni ya ce, "Lauya, yarana 3 suka kashe jiya. Na ji ƙofar da ka rufe. Yanzu nuna mini wadda take buɗe." Ba ni da amsa a wannan lokacin, kuma laifin nawa ne, domin na zo da hani kawai ban zo da mafita ba. Da muka zauna da hafsan leƙen asiri muka sake bin bayanan ɗaya bayan ɗaya, sai ya bayyana cewa mutum ɗaya ne kawai ya kawo labarin, kuma ba wanda ya tabbatar da shi. Aka ɗage harin, aka sa ido a kan ginin har wayewar gari, aka kuma sauya shiri zuwa tare hanyar da mayaƙan ke bi a wajen gari, inda babu gidaje.

Abin da sashe na 57 na waccan yarjejeniya ta 1977 ke nema ke nan: a yi duk abin da zai yiwu don tabbatar da cewa abin da za a kai wa hari na soja ne, a zaɓi makami da dabarar da za su rage cutar da farar hula, a yi gargaɗi idan hali ya ba da dama, a kuma dakatar da harin idan ya bayyana cewa ɓarnar da zai yi wa jama'a ta zarce ribar da ake sa rai a fagen daga. Sashe na 52 ma ya ƙara da cewa idan ana shakka game da wuri irin gidan zama ko makaranta ko wurin ibada, to a ɗauka ba a amfani da shi wajen yaƙi. Masu karatu daga nesa sukan zaci wannan awo na ɓarna da riba lissafi ne mai amsa ɗaya. Babu wani ma'auni da zai gaya maka rai nawa ne ya yi daidai da gada ɗaya ko rumbun makamai ɗaya. Hukunci ne na ɗan Adam, da bayanan da ke hannunsa a wannan sa'a, kuma kwamanda ne ke yanke shi. Lauya ba ya ba da umarni. Abin da ke kansa shi ne ya faɗi gaskiya a sarari, ya rubuta ta da kwanan wata da lokaci, kada kuma ya sassauta ta don ganin fuskar maigidansa ta ɓaci.

Na daɗe ina koyar da kurata da ƙananan hafsoshi dokar yaƙi, kuma tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce, "Oga, idan umarni aka ba ni fa?" Tambaya ce ta gaskiya, domin tun ranar da kurtu ya shiga horo ake cusa masa cewa biyayya ita ce ran aikin. Nakan gaya musu cewa dokar da ta kafa kotun Nurembag a 1945, kotun da ta yi wa shugabannin Nazi na Jamus shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta riga ta yanke cewa bin umarnin na gaba ba ya wanke mutum daga laifi, iyakarsa dai a duba shi wajen rage hukunci. Manyan hafsoshi kuma nakan tuna musu da Janar Tomoyuki Yamashita na Japan, wanda kotun sojan Amurka ta yi wa shari'a a Manila ta kuma rataye shi a 1946 saboda ta'asar da dakarunsa suka yi a Filifin, bisa hujjar cewa ya kasa tsawata musu. Masana sun yi ta muhawara kan adalcin wannan shari'a, amma ƙa'idar ta zauna, har ta shiga sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya: kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa yaransa na aikata laifi bai hana ba, bai kuma hukunta ba, shi ma yana da alhaki. Idan na ga wasu na kallon waɗannan ƙa'idoji a matsayin sabon abu da aka ɗora musu daga waje, nakan karanto musu wasiyyar Halifa Abubakar Siddiƙ ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rusa gine-gine. Ajin kan yi tsit a wannan gaɓa fiye da kowace.

A kotun soja kuwa, shari'ar da ban manta ba ƙarama ce ƙwarai. Wani kofur ne aka tuhuma da ƙin komawa bakin aiki bayan hutunsa ya ƙare, aka ba ni aikin kare shi. Takardu sun nuna laifin a fili, shi ma bai musa ba, har na shirya roƙon sassauci kawai. Sai a zama na biyu na tambaye shi abin da ya kamata in fara tambaya, wato me ya tsare shi. Ashe matarsa ce ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jariri, ya kuma aika saƙo ta hannun sajan ɗinsu, saƙon bai isa ofis ba. Bai faɗa ba domin ba wanda ya tambaye shi, kuma an horar da shi kada ya yi magana sai an ce ya yi. Tun daga ranar ban ƙara karɓar fayil a matsayin cikakken labari ba. Horon da ke sa soja ya tsaya a gaban wuta shi ne ke ɗaure masa baki a gaban hafsa, lauyan da ke sanye da kaki kuwa hafsa ne a idonsa kafin ya zama lauya.

Akwai wani ɓangaren aikin da ba a cika ambato ba, wato taya sojoji rubuta wasiyya da cike takardar magaji kafin a tura su fagen daga, da kuma bin haƙƙin iyalan waɗanda ba su dawo ba. Na sha ganin matar mamaci da 'ya'yanta suna zarya ofis watanni, saboda mijin ya cike takardar tun yana saurayi da sunan wani ɗan'uwa, ya yi aure ya haihu bai koma ya gyara ba. Layi ɗaya da za a sauya cikin minti 5 yakan jawo rigimar shekaru tsakanin dangi. Saboda haka na matsa wa kowace bataliya da na yi aiki da ita a sake duba waɗannan takardu kafin tafiya, har wasu suka riƙa cewa ina kira musu mutuwa.

A cikin wannan hali ne matata ta tsayar da ni. Na dawo gida wata rana da labarin an sauya mini wurin aiki, karo na biyu cikin shekara 3, na kuma faɗa mata ranar tafiya kamar yadda ake karanta umarni a fareti. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Maigida, kullum kana kukan ana kiranka bayan an gama yanke hukunci. Mu ma a gidan nan haka kake mana." Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ta faɗa. Ita ce ke cire yara daga makaranta ta nema musu wata a tsakiyar zango, ita ce ta kwana a asibiti da ƙaramin ɗanmu ina can inda waya ba ta shiga, kuma ita ce ta bar aikinta sau biyu saboda nawa. Duk wannan na san shi, amma ina lissafa shi a matsayin abin da ya zo da aikin, alhali ni kaɗai na yi rantsuwar, su ba su yi ba.

Ba duk abin da ke damun iyalin soja ne ke da magani ba, kuma ba zan ce na gyara komai ba. Akwai sirrin aiki da sirrin wanda nake karewa, waɗanda har gobe ba zan faɗa a gida ba, kuma na ga yadda shirun da nake dawowa da shi ke sa yara su ɗauka fushi nake da su. Abin da na iya yi shi ne in riƙa ce musu a fili, "Yau na ga abu mai nauyi a wurin aiki, ba ku ne kuka yi mini laifi ba." Na kuma daina yin alƙawarin da tafiyar gaggawa za ta iya karyawa, in ban tabbata zan halarci bikin makaranta ba, ba na cewa zan zo. Na buɗe fayil ɗina na ofis na tarar ni ma takardar magajina tana ɗauke da bayanan da na cike kafin a haifi yaranmu biyu na ƙarshe. Na gyara ta, na rubuta wasiyyata, na zaunar da matata na nuna mata inda kowace takarda take da ofishin da za ta nufa idan wani abu ya same ni.

Daga baya aka ba ni damar tafiya aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekara guda, kuma wannan karon akwai zaɓi, domin an ba ni mako guda in ba da amsa. Na kawo wasiƙar gida ban sa hannu ba, muka zauna da matata da manyan yaran muka karanta ta tare. Babbar 'yarmu tana shirin jarrabawar kammala sakandare a shekarar, ta ce, "Baba, ka tafi, amma ka nemi hutunka ya faɗo a watan jarrabawata." Matata ta ce ba za su tashi daga gidan da suke ba har in dawo, ko da an ba mu wani a bariki. Na kai waɗannan sharuɗɗa biyu ga shugabana a rubuce washegari, ya amince da na farko nan take, na biyun kuma ya ɗauki kusan wata guda ana kai da kawo kafin a sa masa hannu.