Ciwon damuwar da ya ƙi jin magani: maganaɗisu da sauran hanyoyi

"Mun yi na asibiti, bai yi ba." Wannan ita ce maganar da ake yawan ji daga bakin iyalan mai fama da ciwon damuwa, kuma galibi daga nan ake rufe babin likita gaba ɗaya. Abin yana damuna ƙwarai, domin gazawar magani na farko abu ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da saninsa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda ya ƙunshi mutane kimanin 4,000 kuma aka fitar da sakamakonsa a 2006, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai suka warke sarai da maganin farko da aka ba su. Likitoci ba sa cewa ciwon ya ƙi jin magani sai an gwada aƙalla magunguna biyu daban-daban, kowanne da cikakken awonsa, na tsawon makonni shida zuwa takwas. Ko an kai wannan matakin ma, akwai sauran hanyoyi.

Wadda ta fi jan hankalin mutane a yanzu ita ce zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, wadda ake taƙaita sunanta da TMS. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna na'urar a birnin Sheffield na Ingila a 1985, amma sai a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita wajen magance damuwa. Majiyyaci yana zama a kan kujera idonsa biyu, ba allurar barci, ba tiyata. Ana jingina wani naɗaɗɗen ƙarfe a kansa, ta gefen hagu sama da goshi, wutar lantarkin da ke bi ta cikin ƙarfen sai ta haifar da bugun maganaɗisu wanda ke ratsa ƙoƙon kai ya motsa jijiyoyin da ke 'yan santimitoci a ƙasa. An zaɓi wannan sashe ne saboda yana da hannu wajen daidaita yanayin rai, kuma aikinsa yakan yi sanyi a wurin masu damuwa. A ranar farko likita yakan gwada ƙarfin bugun a sashen da ke sarrafa hannu har sai babban yatsa ya motsa da kansa, da wannan ne ake auna gwargwadon abin da ya dace da kowane mutum.

Wahalarta tana wajen zirga-zirga. Ana zuwa kwana biyar a mako har tsawon makonni huɗu zuwa shida, kuma a tsarin asali kowane zama yana cin kusan minti 37. A 2018 an amince da wani gajeren tsari na minti uku kacal bayan wani gwaji a Kanada ya nuna bai gaza tsohon ba, sannan a 2022 aka amince da na Jami'ar Stanford, wanda ke cusa zama goma a kowace rana cikin kwana biyar. Illolin da aka saba gani su ne ciwon kai da zafi a fatar kai, waɗanda kan ragu bayan 'yan kwanaki. Farfaɗiya tana iya aukuwa amma da wuya ƙwarai, shi ya sa ake taka-tsantsan da mai tarihinta, kuma ba a yi wa wanda ke da ƙarfe ko na'urar ji da aka dasa a cikin kansa.

Ra'ayina shi ne hanya ce ta gaskiya wadda ta taimaki mutane da yawa, sai dai ba kowa take yi wa aiki ba, kuma wasu da suka sami sauƙi ciwon kan dawo musu bayan watanni, har su buƙaci a sake. Ga tsada, ga ƙarancin na'urar a ƙasashenmu. Ba zan so in ga iyali sun sayar da gona don zuwa ƙasar waje nemanta ba alhali ba a gama gwada abin da ke kusa ba.

Abin da ke kusa kuwa ya haɗa da jinyar lantarki ta ECT, wato ratsa ƙwaƙwalwa da ɗan bugun lantarki, wadda mutane ke tsoro fiye da kima. Ugo Cerletti da Lucio Bini ne suka fara ta a birnin Rum a 1938, kuma mummunan sunanta ya samo asali ne daga zamanin da ake yin ta mutum yana farke. A ƙa'idar yau ana sa majiyyaci barci, a ba shi maganin saki tsoka, a yi zama shida zuwa goma sha biyu. Tana iya taɓa tunawa da abubuwan da suka faru daf da lokacin jinyar, wannan gaskiya ne kuma haƙƙin likita ne ya bayyana shi. Amma ga wanda ya daina ci da sha, ko ya daina magana, ko yake neman hallaka kansa, har yau ita ce mafi ƙarfi da saurin aiki. Iyali su tabbatar za a yi ta ne da allurar barci.

Akwai kuma ketamin, maganin da aka daɗe ana sa mutane barci da shi a ɗakin tiyata, wanda aka gano ƙaramin awonsa yana ɗaga damuwa cikin sa'o'i. A 2019 Amurka ta amince da wani nau'insa da ake fesawa a hanci, bisa sharaɗin a zauna ƙarƙashin kulawa na awa biyu, saboda yana hawar da jini, yana gusar da hankali na ɗan lokaci, kuma ana iya kamuwa da jarabar sa. Wani lokaci likita yakan ƙara wani magani mai suna litiyam a kan wanda ake sha maimakon ya canza shi. Zaman tattaunawa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam ma yana ƙara wa magani ƙarfi.

Kafin duk waɗannan akwai tambayoyin da suka fi na'ura muhimmanci. Shin an sha maganin kullum, ko an ajiye shi bayan mako biyu saboda bushewar baki da yawan barci? Shin na ƙwarai ne, ko an saye shi a inda ba a tabbatar da ingancinsa ba? An duba ƙarancin jini da aikin ƙwayar maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo? Akwai shan tiramol ko kodin a ɓoye? Sannan idan mutum ya taɓa yin kwanaki ba ya buƙatar barci, yana zuba surutu da ɓarnar kuɗi, to wataƙila ciwonsa mai hawa da sauka ne, wanda maganin damuwa shi kaɗai ba ya warkarwa, wani lokaci ma yakan tsananta shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna da likitocin da za su bi waɗannan tambayoyi dalla-dalla. Mai zuwa ya riƙe kwalayen duk magungunan da ya taɓa sha, ya kuma tafi da wanda ya san halinsa tun kafin ciwon. Idan kuwa ya fara maganar mutuwa ko kashe kansa, ba a jiran ranar ganin likita, a ranar ake kai shi.